Baƙin Allo Mai Farin Rubutu: Wa Ke Yanke Girman Haruffa Idan Kwamfuta Na Tashi?

Wata rana da la'asar, a wani ɗan shagon koyar da kwamfuta a Gashuwa, na tarar da yara uku sun yi cirko-cirko a gaban kwamfutar da ake ajiye darussan shagon a kanta. Da safe an ɗauke babban allonta an ba wata, aka jona mata wani tsoho mai kusurwa huɗu da ya daɗe a ƙarƙashin tebur. Idan an kunna ta, rubutu kan bayyana na 'yan daƙiƙoƙi, sai allon ya ƙifta ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan akwati ya fito yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, an rubuta Out of Range a cikinsa. Babbansu ya juyo ya ce da mai shagon, "Malam, allon nan fa ya ƙone." Mai shagon ya ce a cire shi, gobe a kai wa mai gyara. Na roƙi alfarmar minti biyar. Allon lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ma haka. Hoto ne ta aiko masa a ma'aunin da ya fi ƙarfinsa, shi kuma ya faɗi damuwarsa, sai dai da Turanci ya faɗa, kuma a taƙaice.

Irin wannan ya yawaita a garuruwanmu, kuma da dalili. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, duk yaron da ke son shiga jami'a dole ya saba da madannai. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013 ta ƙara yawan masu buƙata. Kwamfutocin da ke shagunan Nguru da Gashuwa kuwa galibinsu na hannu ne, daga Kano ake sayo su, akwatin daban, allon daban, wayar da ke haɗa su ma daban. Wani akwatin ya girmi allonsa da shekara goma, wani allon ne ya girmi akwatin. Masu koyon harkar sadarwa da masu kula da saba, wato kwamfutar da ofis ko makaranta ke tara bayanai a kanta, da yawansu Linux suke ɗorawa, manhajar nan da Linus Torvalds ya faro a ƙasar Finland a 1991, domin kyauta ce kuma ba ta raina tsohuwar na'ura. A nan ne mutum ke gamuwa da baƙin allo mai farin rubutu, babu hoto babu abin latsawa, sai ɗan layi yana ƙiftawa yana jiran umarni. Masu sana'ar kuwa konsol suke ce masa. Ni a nan zan riƙa kiransa allon rubutu.

Mu fara da abin da ido ke gani. Duk abin da ke kan allo, harafi ne ko fuskar mutum, ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera sahu-sahu, kowanne da launinsa. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san wannan. Zanen da ke jikin hula, in ka matso da ita kusa da ido, saka allura ce ɗaya bayan ɗaya, kuma hular da ɗinkinta ya fi ƙanana da yawa ita ce zanenta ya fi fitowa tas. Idan aka ce allo 1024x768 ne, ana nufin ɗigo 1024 a kwance, 768 a tsaye. Wannan lissafi shi ne za mu kira ma'aunin ɗigo. Allon 1920x1080 ɗigo 2,073,600 ke gare shi. Akwai kuma lamba ta biyu da kan biyo baya, yawanci 60, wadda ke nuna sau nawa ake sabunta hoton a daƙiƙa guda. Tsohon allo mai ƙatuwar ƙeya yana iya karɓar ma'auni iri-iri ya nuna su duka da kyau, don da hasken da ake harbawa daga baya yake zana hoto. Siririn allo na yanzu kuwa ɗigonsa ƙidayayyu ne tun daga masana'anta. In aka ba shi ma'aunin da bai kai nasa ba, sai ya ja hoton ya baje shi, haruffa su yi dishi-dishi. In aka ba shi wanda ya zarce nasa, da yawa sukan ƙi sam, su fito da ɗan akwatin nan da yaran Gashuwa suka gani.

Allon rubutu ya samo asali ne daga zamanin da ma'ajiyar kwamfuta ke da tsadar gaske. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, riƙe bayanin kowane ɗigo ɗaya bayan ɗaya babban nauyi ne. Sai aka yi dabara. Aka yanka allon gida-gida, 80 a kwance, 25 a tsaye, gida 2,000 ke nan. Kowane gida bayit biyu ya ishe shi, ɗaya ya faɗi wane harafi ne, ɗaya ya faɗi launinsa. Allo sukutum bayit 4,000. Siffar haruffan kuwa tana ajiye a cikin katin hoto kansa, wato ɓangaren kwamfutar da ke aika hoto zuwa allo, kamar hatimai 256 a jere cikin akwati. Kwamfuta ba ta zana harafin A, cewa kawai take yi a buga hatimi mai lamba 65 a gida kaza, katin ya buga. Ita lambar 80 ma gado ce, daga katin huji mai gida 80 a kwance da IBM ya fitar a 1928, tun kafin a yi kwamfuta mai allo. Da tsarin VGA ya zo a 1987, kowane gida ya zama ɗigo 9 a kwance da 16 a tsaye, allon duka ya tashi 720x400. Manyan haruffan nan da ake gani a tsofaffin kwamfutoci da zarar an kunna su, su ke nan. Sunan VGA kuma shi ne ya bi shuɗiyar wayar nan mai ƙafa 15 da ake ɗaurewa da sukurori biyu, wadda har yau babu shagon kwamfuta a Nguru da za ka shiga ba ka gan ta ba.

Wasu kwamfutocin, irin su Amiga da Atari da Macintosh, ba su da wannan akwatin hatimai. Da aka so ɗora musu Linux, dole manhajar ta koyi zana kowane harafi da kanta, ɗigo bayan ɗigo, a wani fili na ma'ajiya wanda duk abin da aka rubuta a cikinsa yake bayyana a allo. Mu kira shi filin hoto. Wannan hanya ta shigo cikin Linux 2.2 a 1999, masu kwamfutocin IBM da ire-irensu ma suka amfana. Nauyinta ya fi yawa nesa ba kusa ba, domin filin 1024x768 mai bayit biyu ga kowane ɗigo ya haura bayit miliyan ɗaya da rabi. Amma ta buɗe ƙofa: an daina zama dole a kan gida 80 da 25. Ƙungiyar VESA ta masu ƙera alluna da katunan hoto ta riga ta tsara yadda za a roƙi kati ya shiga wani ma'auni ta hanyar lamba, kuma sigar tsarin ta 1994 ce Linux ya dogara da ita. Daga nan ne lambobin da tsofaffin ma'aikata suka haddace suka fito. Wanda ya rubuta vga=791 yana neman 1024x768 ne mai launi dubu sittin da biyar da ɗoriya, vga=788 kuma 800x600. Wanda bai san lambar da katinsa ke karɓa ba sai ya rubuta vga=ask, kwamfutar ta jero masa ya zaɓa. Alamar an shiga filin hoto a wancan zamani ita ce hoton tsuntsun Linux da kan bayyana a saman allo, guda ɗaya ga kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa da ke cikin na'urar.

To ta yaya kwamfuta ke sanin ma'aunin da allo zai iya ɗauka? Tambayarsa take yi. A cikin kowane allo na zamani akwai wata 'yar ma'ajiya mai riƙe da bayit 128, a wasu ma fiye, wadda ake kira EDID. Kamar katin shaida take: sunan kamfanin da ya ƙera allon, shekarar da aka yi shi, faɗinsa da tsayinsa, ma'aunan da yake karɓa, da wanda ya fi so. A shuɗiyar waya, ƙafa ta 12 da ta 15 ne ke ɗaukar wannan hira, galibin sauran na launi ne da daidaita hoto. Wannan ne ya sa waya kan iya nuna hoto garau amma ta kasa isar da katin shaidar. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ko ƙurar hunturu da tsatsa sun toshe rami, ko wayar mai araha ce da ba a sa mata waɗannan zaruruwan ba tun farko, ko an bi da ita ta akwatin raba hoto zuwa alluna biyu. Idan Linux ya yi tambaya bai ji amsa ba, ba ya yin kasada, yakan tsaya a 1024x768 ko ƙasa da haka. Mai faffaɗan allo sai ya ga haruffa sun yi ƙiba sun baje. Na sha ganin an sauke manhaja an sake ɗorawa saboda wannan, alhali canjin waya kawai ake bukata.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne cewa daga latsa makunni zuwa bayyanar wurin shigar da suna, hannu huɗu ne ke karɓar allon ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna yadda bandar kifi ke barin fadamun Hadeja da Nguru. Kwalekwale ya kawo ta gaɓa, amalanke ta kai ta kasuwa, babbar mota ta ɗauka zuwa kudu, kuma kowane mai ɗauka da yadda yake shirya lodinsa. Shirin da mai kwalekwale ya yi ba ya ɗaure direban mota.

Hannu na farko shi ne manhajar da aka dasa a jikin na'urar tun daga masana'anta, BIOS a tsofaffi, UEFI a sababbi. Ita ce ke nuna tambarin kamfani, Dell ko HP ko Lenovo. BIOS da allon hatimai na 80 da 25 yake farawa. UEFI kuwa kai tsaye yake buɗe filin hoto, kuma kwamfutoci da yawa na 'yan shekarun nan ba su da tsohon yanayin kwata-kwata, shi ya sa vga=791 ba ya yi musu komai. Hannu na biyu shi ne ɗan jagora mai ɗauko Linux daga faifai, wanda a yawancin kwamfutoci GRUB ne, mai nuna jerin zaɓi. Na uku shi ne ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar, a daƙiƙoƙinta na farko, lokacin da ba ta san wane irin katin hoto ke gabanta ba, tana aron filin da aka miƙa mata. Na huɗu shi ne direban katin, wato manhajar da ta san harshen wannan kati musamman, na Intel ne ko AMD ko Nvidia. Da direba ya hau, sai ya karanta katin shaidar allon da kansa, ya zaɓi ma'aunin da allon ya ce ya fi so, ya share duk abin da na gabansa suka shirya. Ƙiftawar nan da allo kan yi ana tsakiyar tashi, haruffa su tsuke farat ɗaya, ita ce alamar hannu na huɗu ya karɓa.

Ba haka abin yake ba a da. Kafin 2009, canza ma'aunin allo galibi aikin manhajar hotuna ne da ke tashi can daga baya, allon rubutu kuma yawanci yana nan yadda BIOS ya bar shi. A Linux 2.6.29, wanda ya fito a watan Maris na 2009, aka fara mayar da wannan aiki cikin ƙwayar kanta, aka fara da katunan Intel, sauran suka biyo baya. Tsarin ana kiransa KMS. Amfaninsa a fili yake, domin allon rubutu kan samu ainihin ma'aunin allon ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Sai dai ya mayar da shawarwari masu yawa da aka rubuta kafin wannan shekara tsohon zance, kuma har yau ɗalibai na karanta su suna gwadawa suna mamakin rashin aikinsu.

Saboda haka tambayar farko ga mai gyara ita ce, a wane lokaci hoton ya lalace? In tun tambarin kamfani bai fito ba, a duba waya da allo da kati. In tambari ya fito amma jerin zaɓin GRUB ne ya ɓace ko ya yi ƙanana, gyaran yana cikin fayil ɗin /etc/default/grub. Layin GRUB_GFXMODE shi ke faɗin ma'aunin jerin zaɓin, misali 1024x768. Kafin a rubuta lamba da ka, a tsaya a jerin zaɓin a latsa harafin c, a rubuta videoinfo, GRUB zai jero ma'aunan da yake iya samu a wannan na'ura. Sau da yawa a tsofaffin kwamfutoci za a ga babu 1366x768 a jerin, ko da shi ne ainihin ma'aunin allon, domin jerin daga katin yake fitowa kuma an rubuta shi ne kafin faffaɗan alluna su yaɗu. Layi na biyu, GRUB_GFXPAYLOAD_LINUX=keep, yana cewa a miƙa wa ƙwayar Linux filin yadda yake kada a canza. Bayan kowane gyara sai an ba da umarnin update-grub a nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu da danginsu, ko grub2-mkconfig a Fedora, in ba haka ba gyaran yana nan a fayil bai isa inda ake karanta shi ba. A kwamfutar da ke ɓoye jerin zaɓin, a riƙe Shift yayin tashi in BIOS ce, ko a latsa Esc in UEFI ce.

Waɗannan layuka biyu iyakarsu hannu na biyu da na uku. Wanda ya gyara su ya ga haruffa sun yi daidai na daƙiƙa biyar sannan suka sake tsukewa, bai yi kuskure ba, maganarsa ce ba ta kai ga direba ba. Shi direba da wata kalma ake yi masa magana, video, wadda ake ƙarawa a layin umarnin ƙwaya. Idan aka rubuta video=1024x768@60, duk allunan da ke jone za su bi wannan ma'auni. In ana nufin mafita ɗaya ce, sai a ambaci sunanta, kamar video=VGA-1:1024x768@60. Sunayen suna cikin /sys/class/drm, inda za a ga VGA-1 ko HDMI-A-1, ko eDP-1 da LVDS-1 na allon jikin laftof, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai fayil mai suna modes da ke jera abin da allon ya ce yana karɓa.

Kwamfutar shagon Gashuwa ta nuna jerin zaɓi lafiya, sai bayan ƙiftawa ta ɓace, don haka na san hannu na huɗu ne. Na sake kunna ta, da jerin ya fito na latsa harafin e, wanda ke buɗe umarnin tashi a gyara shi. A ƙarshen layin da ya fara da linux na ga wanda ya shirya ta tun farko ya rubuta video=1920x1080, don babban allon da aka ɗauke da safe. Na share wannan, na latsa F10. Direba ya tambayi tsohon allon, allon ya ce 1024x768, rubutu ya fito tsaf. Ƙaramin cikin yaran ya matso ya ce, "Yaya, shi ke nan?" Na ce saura a mayar da shi na dindindin, domin gyaran da aka yi da harafin e na tashi ɗaya ne kawai, da an sake kunnawa ya tafi. Wannan kuwa rahama ce ga mai koyo. Duk abin da za ka gwada, fara gwada shi ta nan, in allo ya yi baƙi ka kashe ka kunna, komai ya koma yadda yake. Sai ka tabbatar ya yi, sannan ka rubuta shi a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT. Ka kuma kwafi fayil ɗin ka ajiye kafin ka taɓa shi, kada kuma ka ba da update-grub a lokacin da janareta ke tari.

Wutar ma tana da nata hannu a wannan lamari. Idan aka ɗauke ta aka tayar da inji, kwamfuta da allo kan samu wuta lokaci guda, amma wasu alluna da talabijin ba sa ba da katin shaidarsu sai sun gama kunnuwa. Kwamfuta ta yi tambaya ba ta ji amsa ba, ta wuce da ƙaramin ma'auni, ko ta ɗauka babu allo sam. Masu jona 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da filasma sun fi kowa sanin wannan. Maganin shi ne a kunna allo tukuna, ko a ƙara harafin D a ƙarshen umarnin, kamar video=HDMI-A-1:1280x720@60D, wanda ke cewa a aika hoto ta wannan mafita ko an ji amsa ko ba a ji ba. Malamin da ya jona laftof da majigi a aji kuma zai iya ganin rubutu ya taru a kusurwar hagu ta sama a ɗaya daga cikin allunan biyu. Dalili shi ne allon rubutu fili ɗaya yake amfani da shi ga duka biyun, sai ya ɗauki girman da zai shiga ƙaramin.

Akwai wata kalma da ake yawan ba wa mutane, nomodeset. Ma'anarta a hana hannu na huɗu karɓa, a ci gaba da filin da BIOS ko UEFI ya bari. Tana fitar da mutum daga rami idan direba ne ke baƙanta allo, musamman wajen ɗora manhaja a karon farko. Amma zama da ita yana da farashi: bidiyo zai yi nauyi, allo na biyu ba zai yi aiki ba, rage haske a laftof kan gagara, batir kuma ya riƙa saurin ƙarewa.

Yanzu ga inda na fi son mai karatu ya tsaya. Mafi yawan masu cewa a rage musu ma'aunin allo, abin da ke damunsu ƙanƙantar haruffa ne, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban. Harafin da Linux ya saba amfani da shi ɗigo 8 ne a kwance, 16 a tsaye. Raba faɗin allo da 8, tsayinsa da 16, ka san abin da za ka samu. A 1024x768 gida 128 ne a layi 48. A 1366x768 gida 170 a layi 48. A 1920x1080 gida 240 a layi 67, kuma in allon na laftof ne, harafin bai wuce ƙwayar gero ba. In ka rage ma'aunin ɗigo don haruffa su girma, za su girma, amma da dishi-dishi, domin allon jan su yake yi. In ka bar ma'aunin yadda yake ka ɗora manyan haruffa, za su girma kuma su fito tas. Akwai salon haruffa mai suna Terminus, wanda Dimitar Zhekov na ƙasar Bulgeriya ya zana, da ke da girman 16 da 32. A allon 1920x1080 yana ba da gida 120 a layi 33, abin da mai tabarau ma zai karanta daga nesa. A Debian da Ubuntu umarnin dpkg-reconfigure console-setup yana bi da mutum tambaya bayan tambaya har ya zaɓi salo da girma. A Fedora da Arch fayil ɗin /etc/vconsole.conf ake gyarawa. Umarnin setfont kuma yana canzawa nan take don gwaji.

Wani zai ce, allon da ake wucewa cikin daƙiƙa goma, me ya kai mutum wahala a kansa? Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, shi kaɗai ke rage maka. Faifai ya samu matsala bayan ɗaukewar wuta, ko manhajar hotuna ta ƙi buɗewa, a allon rubutu ne dalilin ke fitowa, kuma da Ctrl da Alt da F3 ake isa gare shi. Tun Linux 5.9 na shekarar 2020 an cire damar komawa sama a karanta abin da ya wuce a wannan allo, don haka idan ƙwayar ta tsaya cak, abin da ke gabanka shi ne duk abin da kake da shi. Mai gyara a Nguru da ya rasa gane saƙon, wayarsa yake ɗagawa ya ɗauki hoton allon ya tura wa wanda ya fi shi sani a Kano ko Damaturu. In layi 25 ne kawai, farkon saƙon, inda ainihin dalilin yake, ya riga ya haye sama ya ɓace. In kuwa haruffan sun yi ƙanƙanta, hoton ba ya karantuwa.

A ganina, kwamfutar da allonta da wayarta ke lafiya, a bar direba ya yi zaɓinsa, a gyara girman haruffa kawai. Rubuta ma'auni da hannu a bar shi ga inda hira tsakanin allo da kwamfuta ta yanke, kuma wanda ya rubuta ya manna 'yar takarda a jikin akwatin ya faɗi abin da ya sa, domin a shagunanmu allo ba ya daɗewa a kan kwamfuta ɗaya. Ga saba da ba a san wane allo za a jona mata gobe ba, 1024x768 ne ma'aunin da kusan kowane allo ke karɓa. Masu koyarwa kuma su riƙa tsayar da ɗalibai su kalli tashin kwamfuta daga farko zuwa ƙarshe, su nuna musu ƙiftawar nan, su sa su faɗi hannun da ya karɓa.

Saura abu guda da ya shafe mu kai tsaye. Hatimai 256 na IBM babu ɓ a cikinsu, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Har yau salon haruffan allon rubutu na Linux ba ya wuce gurbi 512, kuma ba ya iya haɗa baƙaƙen ajami ko jera su daga dama zuwa hagu. A kwamfutocin da na gwada, fayil ɗin da aka sa wa suna ƙididdiga ko ɗalibai yakan fito da wata 'yar alama a madadin harafin farko, duk da cewa sunan yana nan daidai a cikin faifai. Harafin ə da ake rubuta Badanci da Barbarci da shi ma yana bukatar a duba masa gurbi. Zana harafi ɗaya mai ɗigo 8 da 16 bayit 16 ne kacal, haruffanmu masu lanƙwasa manya da ƙanana guda takwas ne, kuma tsarin fayil ɗin a buɗe yake ga kowa. Ina kira ga malaman kwamfuta na Gashuwa da Nguru su ba wani ɗalibi wannan a matsayin aikin kammala karatu, ya zana su a girman 8 da 16 da kuma 16 da 32, ya saka su inda kowa zai iya saukewa kyauta.